Yadda Na'urar Tchakoura Ta Haifa Mana Mutum Dubu Takwas

Shekarar dai ba zan rantse a kanta ba. Wasu sun ce tamanin da bakwai, ni kuma zuciyata ta fi kwantawa da tamanin da takwas, don a shekarar ne haƙorina na gaba ya fita. Abin da na tabbata shi ne lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar Togo, kuma unguwarmu a Zongon Lome ba ta da famfo. Matanmu sai sun taka zuwa wata rijiya can bakin hanyar Agoè, su dawo da daro a ka, wuya ya sage. Mai unguwarmu, Baba Amidu, ya shekara uku yana zirga-zirga zuwa ofishin jam'iyya a kan wannan magana, har takalmansa biyu suka mutu.

Mai kula da shiyyarmu a ofishin wani gajeren mutum ne mai baƙin tabarau. Sunansa ya ɓace mini, dama Shef, wato shugaba, kowa ke ce masa. Wata rana ya ce wa Baba Amidu babban biki na tafe, kowace unguwa za ta wuce ta gaban manya da kiɗa da rawa, abin nan da ake kira animasiyo.

Ya ce, "Ka kawo mini takarda. Mutum nawa za ku fito, kuma nawa ne suka iya rawa. In mutanen da ka rubuta sun fito, famfo naku ne. In ka rubuto mini iska, famfon ya tafi wata unguwa."

Baba Amidu ya dawo ya faɗa mana a ƙofar masallaci bayan La'asar. Muna cikin shawarar wanda zai bi gida-gida da alƙalami, sai Tchakoura ya miƙe.

Tchakoura mutum ne dogo, mai shekara arba'in da wani abu, mai son saka kwat a kan jallabiya. Ya taɓa sayar da agogo, ya taɓa gyaran rediyo har rediyon liman ta daina magana gaba ɗaya. A watan nan ya dawo daga Ankara ta ƙasar Gana da wani babban kwali, kuma tun dawowarsa ba ya gaisawa da mutane sai da yatsu biyu.

Ya ce, "Alƙalami? Baba, a wannan zamanin? Kun san abin da ke ɗakina? Kwamfuta! 'Yan lakwal, masu bokon Faransanci, na ce mata ordinata. Kwana uku na yi ina karatunta, malamin da kansa ya ce bai taɓa ganin kai irin nawa ba."

Idi mahauci ya ce, "Mu ma ba mu taɓa gani ba."

Tchakoura bai kula shi ba. Ya ce takardar da za ta fito daga na'urarsa, in Shef ya gani, ba famfo ɗaya ba, har wurin wanka zai gina mana.

Washegari da hantsi aka jawo waya daga shagon mai ƙanƙara, aka ɗora na'urar a kan teburin mai shayi. Wata aba ce kamar ƙaramar talabijin, da allon maɓallai a gabanta, da wani inji a gefe mai fitar da takarda yana kuka kamar zabuwa. Unguwa ta taru. Tchakoura ya naɗe hannun kwat ya ce a kawo gwaji.

Ya ce, "Idi, 'ya'yanka maza nawa?"

"Uku."

Ya danna. "Mata fa?"

"Huɗu."

Ya danna, ya ja da baya, ya harɗe hannu. Na'ura ta rubuto uku da huɗu a manne da juna. Wani mai karatun boko ya karanta da ƙarfi: "Talatin da huɗu!"

Wuri ya kaure da dariya. Matar Idi ta ajiye tiren ƙosai ta matso ta riƙe ƙugu. "Idi, ina sauran ashirin da bakwai ɗin? A wace unguwa ka ɓoye su?"

Idi ya ce, "Wallahi ni ma yau na fara jin labarinsu!"

Tchakoura ya ɗaga hannu. "Ku yi hankali da jahilci. Na'urar nan tana hango gaba. Abin da Allah zai ba Idi ke nan."

Matar Idi ta ce, "To sai dai ita ta haifa masa."

A cikin taron akwai Mma Adjara, shugabar matan unguwa, mai sayar da wake-da-shinkafa a bakin tasha, macen da ko direbobin manyan motoci ba sa yi mata gardama. Tare da ita akwai 'yarta Mariama, wadda ke aikin buga takardu a wani kamfanin jiragen ruwa a bakin teku, kuma kullum da irin wannan na'ura take wuni. Mariama ta leƙa gilashin, ta yi murmushi, ta yi magana a hankali don kada ta kunyata shi.

Ta ce, "Kawu, na'urar nan ba ta san abin da kake nufi ba. Abin da ka zuba ta sani, da mazubin da ka zuba shi. Mazubanta iri-iri ne. Akwai na rubutu, kamar sunan mutum. Akwai na cikakkiyar lamba, wadda ba ta da gutsure. Akwai na lamba mai gutsure, kamar biyu da rabi. Akwai kuma na i ko a'a. In ka sa uku da huɗu a mazubin lamba, za ta haɗa ta ba ka bakwai. Kai kuwa a na rubutu ka sa. A wurinta ba adadi ka ba ta ba, zane ka ba ta, shi ya sa ta jera su kusa da juna kawai."

Tchakoura ya dube ta daga sama har ƙasa. "Mazubin lambar nan na gwada shi. Sunan Baba Amidu na rubuta a ciki, ta yi mini ƙara kamar an taka kyanwa. Ba shi da tarbiyya. Na rubutu kuwa, duk abin da ka ba shi karɓa yake, ba ya ƙorafi. Ni da mai ladabi nake aiki."

"Kawu, wanda ya yi ƙarar shi ne ya gaya maka gaskiya."

"Mariama, lokacin da na fara taɓa waya ke ko rarrafe ba ki fara ba."

Mma Adjara ta ce, "Rediyon liman ma ta shaida." Ta ja hannun 'yarta, amma kafin ta tafi ta juyo. "Tchakoura, ka ga wuyan nan nawa? Shekara goma sha ɗaya yana ɗaukar ruwa. In wasanka ya sa famfon nan ya wuce mu, kai za ka zama famfon."

Ni aka haɗa da Tchakoura mu bi gidaje, don ni malamin allo ne, mutane kuwa sun fi sakin baki in sun ga malami. Na riƙe littafi ina rubuta sunaye da ajami, shi kuma yana tafe a gaba yana yi wa mutane bayanin lantarki. Kwana huɗu muka yi, ko biyar. Na tuna a gidan wani Bazabarme an ba mu fura mai kyau ƙwarai, irin wadda ban sake samu ba sai a Dosso ta ƙasar Nijar, shekaru bayan haka. To, ba furar ce maganar ba. Mun sami maza tamanin da huɗu, mata casa'in da bakwai. Kowa kuma mun tambaye shi ko ya iya rawa. Matasa da yawancin mata suka ce i. Liman ya ce a'uzubillahi. Ni na ce a'a. Baba Usaini mai sanda, wanda ƙafarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa, ya ce mu fita masa daga gida. Da muka gama, Tchakoura ya zuba sunayen da amsoshin duka a na'ura.

Sai maganar kaya. Kowace unguwa da irin atamfarta take fita, abin da muke ce wa yayi. Alhaji Boubacar mai shanu ya ba da atamfar kyauta, tela Sulemana ya ce kowane namiji yadi biyu da rabi zai ishe shi riga da wando. Tchakoura ya ce ba za a yanka ko zare ba sai na'ura ta fitar wa kowa da 'yar takardarsa. Don kada a ce ba ya jin shawara, wannan karon ya yarda ya sa awon a mazubin lamba. Na tuna masa Mariama ta ce akwai na mai gutsure.

Ya ce, "Malam, gutsure na 'yan koyo ne. Cikakkiya za mu sa, mu cikakkun mutane ne."

Ya danna biyu da rabi. Na'ura ta haɗiye rabin ba tare da ta ce uffan ba, ta fitar da takardu tamanin da huɗu, kowace ta ce biyu. Sulemana ya zo da gudu da almakashi a hannu ya ce biyu ba za ta isa ba.

Tchakoura ya ce, "Kai da tsohon tef ɗinka ka fi injin Turawa sani? Ta auna da zamani. Yanka!"

Sulemana ya ce, "Shi ke nan. Ni dai a shaida ban ce ba."

Ranar da za a kai takarda ina zaune kusa da shi. Ya danna tamanin da huɗu, ya danna casa'in da bakwai, ya ce ta haɗa. Ta manna su kamar yadda ta yi wa 'ya'yan Idi: takwas, huɗu, tara, bakwai. Dubu takwas da ɗari huɗu da casa'in da bakwai.

Na ce, "Tchakoura, ba su yi yawa ba?"

Ya ƙura wa lambar ido. Sannan ya gyara kwat. "Malam, kai da ƙwaƙwalwa ka ƙirga, ita da lantarki. Akwai baƙi, akwai na goye, akwai waɗanda za su ji kiɗa su biyo mu. Duk ta hango su."

Ni mutum ne mai jin nauyin gardama, Allah ya yafe mini. Mariama tana wurin aiki. Baba Amidu ba ya karanta boko, ya dangwala yatsa, aka liƙe ambulan. Da Tchakoura ya dawo daga ofis sai ya ce Shef ya cire tabarau ya karanta sau biyu, ya rungume shi, har ya ba shi lemo mai sanyi.

Ranar biki da sassafe, bayan mun fito daga sallar Asuba gari ya waye, aka raba kaya. Na sa nawa. Rigar ta tsaya a cibiya, wandon ya tsaya a gwiwa. Na leƙa waje na ga Alhaji Boubacar, mutum mai jikoki goma sha, yana tafe yana jan wando ƙasa, in ya ja ƙasa sama ta buɗe. Liman ya fito ya naɗe da bargo. Mata, da yake su zanensu suka ɗaura ba a yanka musu ba, suka jeru a bakin hanya suna guɗa.

Matar Idi ta ce, "Shekara ashirin ina unguwar nan, sai yau na san dattawanmu na da ƙwauri!"

Ba mu gama da wannan ba sai muka ji ƙasa na rawa. Manyan motoci ne, irin na ɗaukar siminti, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga talatin, na gaji. Suka cika hanya tun daga masallaci har mahauta. Shef ya sauko daga ƙaramar mota, fuska cike da fara'a, ya ce waɗannan na zuwan farko ne, za su yi ta dawowa har a kwashe kowa.

Ya dube mu. Mu duka ba mu cika inuwar mota uku ba.

Ya ce, "Ina mutanen?"

Baba Amidu ya ce, "Ga mu, ranka ya daɗe."

"Sauran fa?"

"Wane saura?"

Shef ya zaro takarda. "Dubu takwas da ɗari huɗu da casa'in da bakwai! Kuma an rubuta nan duka sun iya rawa! Duka!"

Liman ya leƙo daga cikin bargo. "Har da ni?"

"Sunanka ne na uku a sahun gaba!"

Baba Usaini ya ɗaga sanda ya ce a nuna masa wanda ya rubuta shi. Aka waiga neman Tchakoura, aka same shi a bayan motar ƙarshe yana duba taya kamar shi ne makaniki. Idi ya kamo shi ta wuyan kwat ya kawo shi tsakiyar fili.

Tchakoura ya ce, "A'a na rubuta wa liman! Wallahi a'a na rubuta! Malam shaida ne!"

Mariama, da yake ranar hutu ce tana nan, ta karɓi takardar ta duba. "A wane mazubi ka rubuta, Kawu?"

"Na rubutu mana."

"To ai shi ke nan. Da ka ce ta ware masu rawa, dubawa ta yi ko mazubin da abu a ciki ko babu. Ta ga ba fanko ba ne, ta ɗauka i ne. Ko zagi ka rubuta a ciki, mai rawa za ta ce."

Baba Usaini ya ce, "Zagin kuwa na yi!"

Tchakoura ya buɗe baki ya ce laifin wutar mai ƙanƙara ce, ba ta da ƙarfi. Mai ƙanƙara ya ce a sake shi ya isa gare shi. Shef ya daka tsawa ya ce ba famfo, ba famfo har abada, kuma Baba Amidu zai bi shi ofis ya yi bayani. Baba Amidu ya zauna a kan dutse, gwiwoyinsa a waje.

Mma Adjara ce kaɗai ba ta ɗaga murya ba. Tana ta kallon Shef, yadda gumi ke bin wuyansa tun rana ba ta yi zafi ba. Ta matso kusa da shi.

Ta ce, "Shef, ɗana, tambaya ɗaya. Lambar nan, a aljihunka ta kwana, ko ka kai ta sama?"

Shef ya kawar da kai.

"Ka kai. Ka ce kai ne ka tara mutum dubu takwas a Zongo. Motocin nan ma da bakinka ka roƙo su. To in mun rasa famfo, mu dama da rijiya muka saba. Kai fa, da me ka saba?"

Shef ya cire tabarau ya goge. Ya ce a hankali, "Mma, me kike so a yi?"

"Manyan nan da ke zaune a rumfa, ƙirga mutane suke yi?"

"A'a. Suna dai kallon tsawon lokacin da unguwa ta ɗauka tana wucewa."

"To motoci ga su har sun yi yawa. Mu wuce gabansu, mu sha kwana, motoci su kwashe mu ta baya su mayar da mu farko, mu sake wucewa. Har sai sun gaji da mu. Amma ba wanda zai taka mota sai ka sa hannu a takardar famfo. Mariama, rubuta. Da alƙalami."

Aka rubuta a kan bonet ɗin motarsa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Mma Adjara ta aika aka kwaso rabin-rabin yadin da ya rage a shagon Sulemana, guda tamanin da huɗu, aka raba. Liman da Baba Usaini aka ce su zauna a mota su yi mana addu'a. Tchakoura kuwa aka ba shi babban allon da ke ɗauke da sunan unguwa, mai nauyi kamar ƙofa, aka ce shi ne gaba, kuma shi ba ya canji.

Haka muka yi. Zagaye na farko muka ɗaura ƙyallen a ka. Na biyu a ƙugu. Na uku muka riƙa kaɗa shi a sama. Na huɗu mata suka shiga gaba, na biyar maza. An raba mu kashi uku, yadda kafin wutsiyar wani kashi ta wuce, kan wani ya iso. Ni da ban taɓa rawa ba tun ina yaro, na yi abin da ya sawwaƙa, ina istigfari a kowane taku. Tchakoura kuwa kowane kashi da shi yake farawa, don allon ɗaya ne. Da ya sha kwana sai a jefa shi mota, a sauke shi, a miƙa masa allo. A zagaye na shida kwat ta tafi. A na bakwai wandon ya yage ta baya, ya riƙa tafiya a karkace yana ba rumfar manya gefe. A na tara ya wuce rumfa da taku goma ya zube, allon ya rufe shi, sai ƙafafu kake gani.

Idi ya ɗaga allon ya leƙa. "Injiniya, a ƙara ɗaya?"

Tchakoura ya ce, "Ruwa."

Mma Adjara ta ce, "Yana zuwa. Ka ga takardarsa."

Bayan wata biyu aka kafa famfo a gefen masallaci. Ranar da aka buɗe shi Tchakoura ya zo da sabuwar kwat, ya hau kan benci, ya ce jama'a su yi tunani: ba don na'urarsa ba, da wa zai aiko mana mota talatin? Yana cikin wannan sai ga Shef da wata takarda, ya ba Mariama ta karanta. Daga sama ta fito. An yaba wa Zongo ƙwarai, an ce ba a taɓa ganin unguwa mai yawan jama'a da kama da juna haka ba. Saboda haka baɗi ana son mutum dubu goma, za a kuma sa masu ƙirgawa a bakin hanya don a rubuta abin a tarihi. Wanda aka ɗora wa alhakin kawo su, da sunansa a rubuce, shi ne Tchakoura.

Ya sauko daga bencin a hankali. Ya ce af, ya manta bai gaya mana ba, an aiko masa daga garinsu Sokode cewa tsohuwarsa ba ta da lafiya, gobe zai kama hanya.

Idi ya ce, "Wacce muka yi wa sadakar arba'in bara?"

Tchakoura ya ce, "Jikin ne ya sake tashi."